Kundin Koyon Wasan Takobi a Alƙahira

19 ga Oktoba, 2024

Mu uku ne muka ƙulla wannan aiki, dukkanmu ɗalibai ne daga gida da ke karatu a Alƙahira, kuma niyyarmu ita ce mu koyi wasan takobi na zamani a hannun malamin da ya san shi, har mu kai ga shiga gasar masu koyo, sannan idan Allah ya mayar da mu gida lafiya mu iya ɗora yara a kan hanya. A wannan kundi zan riƙa rubuta inda aka kwana, da abin da muka fahimta, da abin da ya rage a gabanmu.

Abin da ya zaburar da mu shi ne gasar Olamfik da aka yi a birnin Faris a bana. A can ne Muhammad El-Sayed na Masar ya samu lambar tagulla, Fares Ferjani na Tunisiya ya samu azurfa, sannan wani matashi mai suna Evann Girault ya tsaya a fage da tutar Nijar. Mutanen Masar ba baƙi ba ne a wannan wasa, domin ɗansu Ala'uddin Abul-Ƙasim ne ya fara kawo wa Afirka lambar Olamfik a cikinsa, lokacin da ya ci azurfa a Landan a 2012, kuma a nan Alƙahira aka yi gasar duniya ta 2022. Wanda yake zaune a wannan birni ba shi da uzurin rashin malami.

Malaminmu dattijo ne mai ƙarancin magana, kowa Kyaftin yake ce masa, kamar yadda ake kiran masu horarwa a nan. Bai ba mu takobi ba. Ya kai mu bakin fage ya nuna mana shi: tsawonsa mita 14, faɗinsa mita ɗaya da rabi, da layi a tsakiya, da wasu layuka biyu masu nisan mita biyu-biyu daga tsakiyar, inda kowane ɗan wasa yake tsayawa kafin a fara. Wanda aka kora da baya har ƙafafunsa biyu suka fice daga layin ƙarshe, an ci shi maki ɗaya ko da takobi bai taɓa shi ba. Daga nan sai ya koya mana tsayuwa. Ƙafar gaba tana kallon abokin karawa, ta baya ta gitta, gwiwoyi a lanƙwashe, jiki a miƙe. In za a ci gaba, ƙafar gaba ce ke fara tashi. In za a ja da baya, ta baya ce ke fara tashi. Kuma ba a yarda ƙafafun su haɗu. Haka muka yi ta kai da komo har aka tashi, cinyoyinmu suna ta raɗaɗi.

9 ga Nuwamba, 2024

Yau Kyaftin ya shimfiɗa takubba uku a kan benci ya ce mu ɗaga kowanne mu ji nauyinsa, domin lokacin zaɓi ya yi. Wasan suna ɗaya yake amsawa, amma a haƙiƙa wasanni uku ne, kowanne da dokarsa da halinsa, kuma 'yan wasan da suka yi nisa kusan kullum ɗaya suke riƙewa.

Na farko shi ne foyil, siriri ne mara nauyi, bai wuce giram 500 ba, tsawonsa kuma bai wuce santimita 110 ba. Da tsininsa kaɗai ake cin maki, kuma gangar jiki ce kawai ta halatta, wato ƙirji da ciki da baya, ban da kai da hannaye da ƙafafu. Sabar kuwa, wanda ya ɗan gaza foyil tsawo, da shi ake sara a kuma yi suka, kuma duk abin da ke sama da ƙugu ya halatta, har da kai, ban da tafin hannu. Shi ne mafi sauri a cikinsu, sau da yawa kafin mai kallo ya gyara zama an riga an gama. Mutanen Hungari sun daɗe suna sarauta a kansa: Aladár Gerevich ya ci zinaren ƙungiya sau shida a jere daga 1932 zuwa 1960, kuma a zamaninmu Áron Szilágyi ya ci zinaren mutum ɗaya sau uku a jere, a Landan da Riyo da Tokiyo.

Waɗannan biyun sun yi tarayya a wata doka wadda ita ce ke rikita sabon mai kallo, wato haƙƙin hari. Idan mutum biyu suka taɓa juna a lokaci guda, ba a raba musu maki. Alƙali ne zai duba wanda ya fara kai hari, ya miƙa hannu yana barazana ga inda ya halatta, sai ya ba shi. Wanda aka kawo wa harin ba shi da haƙƙi sai ya kaɗe takobin mai harin ko ya sa shi ya kuskure, sannan ya rama nan take. Dalilin dokar yana da kyau ƙwarai idan aka tuna asalinta. Foyil takobin koyo ne da malaman Faransa suke horar da ɗalibai da shi, kuma abin da suke so su dasa a zukatansu shi ne cewa wanda aka nufo da tsini ya fara kare ransa, domin babu riba a soke abokin gaba idan kai ma an soke ka.

Na uku shi ne efe, wanda ya fi su nauyi, yana kaiwa giram 770, da ƙoƙo babba mai rufe hannu. Ya samo asali ne daga takobin da ake fito-na-fito da shi a Faransa a ƙarni na 19, inda rauni a ko'ina ya isa a tsayar da faɗa. Saboda haka duk jiki ya halatta, daga ƙoƙon kai har yatsan ƙafa, kuma babu haƙƙin hari. Wanda ya riga taɓawa shi ke da maki, idan kuwa suka taɓa juna a tare, kowa ya samu ɗaya.

Efe muka zaɓa mu ukun. Dalilinmu shi ne abin da muke hange a gida: dokarsa ba ta buƙatar gogaggen alƙali kafin a san wanda ya ci, kuma ba ya buƙatar sulken ƙarfen da ake ɗorawa a kan riga a foyil da sabar, wanda kuɗi ne na daban. Kyaftin bai hana mu ba, amma ya ce a ganinsa yaro ya fi dacewa ya fara da foyil, domin shi ke koya wa hannu tsabta. Na rubuta wannan don mu dawo kansa nan gaba.

30 ga Nuwamba, 2024

Mun fara sa kayan wasa, na aro ne daga kulob. Ana fara sa wata rabin riga da ke kare hammata da gefen ƙirji na ɓangaren hannun da ke riƙe takobi, a ɗora farar riga mai kauri, da wando iya gwiwa, da doguwar safa, da safar hannu, sannan kwalkwali mai ragar ƙarfe da ƙyalle mai kauri da ke rufe wuya. Mata suna ƙara makarin ƙirji. A gasannin duniya wajibi ne rigar da wandon su jure matsi na nuton 800 (nuton ma'aunin ƙarfi ne), ƙyallen wuyan kuma 1,600.

Waɗannan alƙaluma suna da tarihi mai ban tausayi. A gasar duniya ta 1982 a birnin Rum, Vladimir Smirnov na Tarayyar Sobiyet, wanda ya ci zinaren foyil a Olamfik ta 1980, yana karawa da Matthias Behr na Jamus ta Yamma sai takobin Behr ya karye, guntun ya huda ragar kwalkwalin Smirnov ya shige ta idonsa, kuma bayan 'yan kwanaki ya rasu. Bayan wannan ne aka tsaurara dokokin kaya, aka koma ga wani irin ƙarfe da ba ya saurin karyewa, aka ƙarfafa raga da yadi. A kulob ɗinmu Kyaftin yakan haƙura da kowane irin kuskure ban da ɗaya: ɗaga tsinin takobi a gaban wanda bai sa kwalkwali ba. Wanda ya yi haka, yaro ne ko babba, ranar a benci zai ƙare. Ina ganin wannan ita ce doka ta farko da za mu ɗauka mu tafi da ita, tun kafin tsayuwa.

21 ga Disamba, 2024

Jarrabawa da sanyi sun rage mana zuwa, amma ba mu daina aikin ƙafa a masauki ba. An ƙara mana dogon taku na kai suka: hannu ya fara miƙewa, ƙafar gaba ta zabura, ta baya ta tura ta miƙe sarai, sannan a dawo tsayuwa ba tare da an yi tangaɗi ba. Mun kuma haddace umarnin alƙali, wanda da Faransanci ake bayarwa a gasannin duniya, tun da a Faris aka kafa hukumar wasan ta duniya, FIE, a 1913, kodayake yanzu hedikwatarta tana Lozan a Suwizalan. Kafin kowace karawa dole ne a ɗaga takobi a gaisa da abokin karawa da alƙali, kuma wanda ya ƙi yin wannan gaisuwa ana hukunta shi.

25 ga Janairu, 2025

Yau aka fara haɗa mu da lantarki. Wata waya mai baki uku-uku ake zurawa ta hannun riga, baki ɗaya ya shiga cikin ƙoƙon takobi, ɗayan ya fito ta bayan riga a maƙala shi da doguwar wayar da ke fitowa daga wani akwati a ƙarshen fage, wadda take saki idan mutum ya ci gaba, ta naɗe idan ya ja da baya. A kan tsinin efe akwai ɗan maɓalli mai sifirin a ciki. Kafin a fara, alƙali yakan sa ɗan wasa ya tsayar da takobinsa tsini sama, ya ɗora masa ƙarfe mai nauyin giram 750, kuma wajibi ne sifirin ɗin ya iya ɗaga wannan nauyi, in ba haka ba maɓallin ya yi laushi ke nan, zai ba da maki da ɗan shafa kawai. Daga nan kowane ɗan wasa zai dangwali ƙoƙon takobin ɗan'uwansa don a tabbatar fitilar na'urar da ke nuna maki ba ta kamawa, saboda sukar ƙoƙo ba maki ba ce, haka nan sukar daɓen fage idan na ƙarfe ne.

Na'urar ba ta da sassauci. Da zarar fitilar mutum ɗaya ta kama, ɗayan yana da kimanin kashi ɗaya cikin 25 na daƙiƙa ne kawai ya taɓa, bayan haka ta kulle. Ido ba ya iya raba wannan, shi ya sa efe ne ya fara samun lantarki, aka yi amfani da shi a Olamfik ta Balin a 1936, foyil ya biyo baya a ta 1956, sabar kuwa sai a 1988 aka sa masa. Kafin haka alƙalai huɗu ne suke tsayawa a gefe suna lura, da shugabansu a tsakiya, kuma gardama ba ta ƙarewa. Binciken takobin ma yana da dalilinsa, domin a Olamfik ta Montiriyal a 1976 an kama Boris Onishchenko, ɗan Tarayyar Sobiyet mai gasar wasanni biyar, da wani maɓalli da ya ɓoye a mariƙin efensa, wanda yake kunna fitila da shi ba tare da ya taɓa kowa ba, aka kore shi daga gasar.

22 ga Fabrairu, 2025

Wannan wata shi ne mafi amfani tun da muka fara, domin a cikinsa ne na gane dalilin da ya sa aka hana mu takobi a makonnin farko. An haɗa ni da wata yarinya 'yar sakandare, wadda na fi tsawo na kuma fi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma duk lokacin da na yunƙura zan kai suka ga ƙirjinta sai fitilarta ta riga tawa, tsininta yana zaune a wuyan hannuna. Ba ta yi sauri fiye da ni ba, kuma ba ta bugi takobina ba. Rabin taku kawai take ja da baya a daidai lokacin da na taso, sai sukata ta ƙare a iska, hannuna kuma da kansa ya je ya tarar da tsininta.

Da aka tashi Kyaftin ya sa rigar fata mai kauri ta malamai ya kira ni darasi. Ya ce, "Ɗana, kana kallon takobinta, ita kuwa tana auna ƙasar da ke tsakaninku." Ya nuna mini cewa tazara iri uku ce: wadda miƙa hannu kawai ya isa a taɓa, da wadda sai an yi dogon taku, da wadda sai an yi taku ɗaya tukuna kafin dogon takun. A efe kuma lissafin ya ninku, domin hannun abokin karawa ya fi ƙirjinsa kusa da kai da tsawon damtse guda, haka naka hannun yake kusa da shi. Duk aikin shi ne ka sa shi ya ɗauka kana nesa alhali ka shigo, ko ya ɗauka ya kai gare ka alhali ka fice. Ana yin haka da sauya girman taku da saurinsa, a yi manya biyu a yi ƙarami ɗaya, a tsaya cak, a sake tashi. Wanda ya taɓa kallon gwanayen dambe suna zagaya juna da hannu a miƙe, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya shigo inda bai kamata ba, ya san irin wannan haƙuri.

Tun daga ranar na daina ganin aikin ƙafa a matsayin share fage. Shi ne wasan kansa, hannu kuwa yana ƙarasa abin da ƙafa ta riga ta shirya ne. Wannan ya ƙarfafa mini gwiwa game da shirinmu na gida, domin abin da ya fi muhimmanci a wasan shi ne wanda ba ya cin ko sisi: fili mai santsi kaɗan, da layuka, da malamin da ya san abin da yake nema.

15 ga Maris, 2025

Azumi ya mayar da horo bayan tarawihi, kuma an rage karawa. Mun yi amfani da wannan dama muka zauna da mai gyaran takubba na kulob. Ruwan efe yana da kwari a tsawonsa, a cikin kwarin ake manne siraran wayoyi biyu da gam, daga mariƙi har tsini. Maɓallin kuwa wasu ƙananan sukurori biyu ne suke riƙe da shi, ƙanana ƙwarai har sai an yi aikin a kan farin ƙyalle, domin idan ɗaya ya faɗi ƙasa da wuya a gan shi. A ciki akwai sifirin biyu, babba mai riƙe nauyi, da ƙarami mai haɗa wayoyin biyu idan an danna. Ya nuna mana yadda ake gane inda cuta take idan fitila ta ƙi kamawa: a fara gwada wayar jiki, sannan mahaɗin da ke cikin ƙoƙo, sannan maɓallin, kafin a yanke hukuncin cewa wayar cikin ruwan ce ta tsinke. Ɗaya daga cikinmu, wanda injiniyanci yake karanta, ya ɗauki wannan ɓangare a wuyansa, kuma hakan ya zama dole, domin inda za mu koma babu wanda za mu kai wa gyara.

26 ga Afrilu, 2025

Kulob ya shirya gasar cikin gida ta masu koyo, a bisa tsarin da ake bi ko'ina. Da farko ana raba mutane rukuni-rukuni, shida ko bakwai a kowanne, kowa ya kara da kowa zuwa maki biyar a cikin minti uku. Da sakamakon ake jera su, a duba yawan nasara, in an yi kunnen doki a duba bambancin makin da mutum ya ci da wanda aka ci shi. Daga nan sai zagayen sili-ɗaya-ƙwale, zuwa maki 15, a zango uku na minti uku-uku da hutun minti ɗaya a tsakani. Gasar ƙungiya kuwa mutum uku ne a kowane ɓangare, karawa tara, ana tara maki har 45.

Dukkanmu mun samu nasara a wasu karawa na rukuni, kuma dukkanmu mun fita da wuri a zagaye na biyu. Abin da na lura da shi shi ne karawar maki 15 wani wasa ne dabam. A maki biyar mutum zai iya tsira da dabara ɗaya, amma a 15 abokin karawa yana da lokacin da zai karance ta, ya kuma mayar da ita tarko. Wanda ya fitar da ni ya bar ni na ci shi a ƙafa tun da farko, daga baya kuwa duk lokacin da na sunkuya sai na tarar da tsininsa a kafaɗata.

Agogo ma abokin wasa ne, musamman a efe, inda wanda ke gaba da maki yake iya neman a riƙa taɓa juna tare har a kai ƙarshe. Idan lokaci ya cika ana kunnen doki, ana yin ƙuri'a a ba mutum ɗaya fifiko, a ƙara minti ɗaya. Wanda ya fara taɓawa shi kaɗai ya ci, in kuwa minti ya ƙare babu maki, mai fifiko ya ci. A irin wannan ƙarin lokaci ne El-Sayed ya doke Tibor Andrásfi na Hungari da 8 da 7 ya ɗauki tagullarsa. A cikinsa kuma aka yi rikicin da ba a manta ba na Landan a 2012, lokacin da Shin A-lam ta Koriya ta Kudu take da fifiko a kan Britta Heidemann ta Jamus, agogo yana nuna saura daƙiƙa ɗaya, amma aka sake farawa sau da dama wannan daƙiƙa ba ta ƙare ba, har Heidemann ta samu maki. A yau agogon wasan yana nuna ɓangarorin daƙiƙa idan lokaci ya zo ƙarshe.

5 ga Yuli, 2025

A ƙarshen watan jiya aka yi gasar Afirka ta wasan takobi a Legas, muka bibiye ta daga nan ta intanet. Ganin an yi ta a Najeriya ya tabbatar mana cewa akwai hukuma da masu horarwa da za mu iya tuntuɓa, ba daga sifili za mu fara ba.

Mun zauna mun tsara zango na gaba. Ɗaya daga cikinmu zai koma foyil daga watan Satumba, bisa shawarar da Kyaftin ya ba mu tun Nuwamba, domin a samu wanda ya san haƙƙin hari a aikace. Ni kuma zan fara tsayawa kusa da alƙali a karawar yara don in koyi alamun hannu da dokokin kati, rawaya da ja da baƙi. Ajin da muke hange zai fara ne da takubban roba da kwalkwalin roba irin waɗanda ake koya wa ƙananan yara da su a nan, kuma ba za a taɓa ƙarfe ba sai an samu cikakkun kayan kariya. Mun kuma yarda cewa ajin zai karɓi 'yan mata tun daga farko, a lokacinsu na daban. Kayan wasan suna rufe jiki gaba ɗaya, kuma akwai misalan da za a nuna wa iyaye: Ines Boubakri ta Tunisiya ta ci tagullar foyil a Riyo a 2016, a gasar da Ibtihaj Muhammad ta Amurka ta yi wasa da hijabinta ta ci tagullar sabar tare da ƙungiyarta.

Kafin hutu ya ƙare za mu tattara farashin kayan roba na yara goma daga masu sayarwa a nan, mu kuma nemi Kyaftin ya rubuta mana jerin darussan ƙafa na wata uku na farko, a bisa tsarin da ya bi da mu.